Ɗamarar da Surayya Ta Ɗaura wa Ayu

Agege, Legas.

Yaya Ladan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kana lafiya kai da iyali, ya kuma ƙara wa ƙafarka sauƙi. Mu nan ruwan sama ya hana mu sakat, ɗanka Abdulhafiz kuma yana fama da shagonsa a Mushin. 'Yarka Surayya ce ta sa na ɗauki biro, don raina a jagule yake.

Ka san tana aiki da masu binciken dabbobin ruwa can wajen Epe, aikin da kake tsokanarta wai ta yi digiri ta ɓuge da sarkanci. Kwanakin baya suka kama wata macen ayu mai shayarwa, suka ɗaura mata ɗamara a gindin wutsiya, da igiya mai na'ura da ke yawo a saman ruwa, don su riƙa sanin inda take, su tsare ta daga mafarauta. Surayya ce ta ɗaura da hannunta. Ta dawo gida baki har kunne, tana nuna mini hoton ɗan manne da uwarsa. An ce igiyar takan tsinke da kanta in ta sarƙe. Wannan ba ta tsinke ba. Ta harɗe da ragar masunta, uwar ta kasa ɗagowa ta shaƙi iska, ta mutu. Suka tarar da ɗan yana zagaya gawar, yana tura ta da baki yana neman nono.

Yaya, ranar da ta dawo gida da labarin, ban taɓa ganin yarinyar nan ta yi kuka haka ba. Ana cikin haka maƙwabcinmu Malam Audi ya shigo jaje. Ya gama addu'a, sai ya rage murya ya tambaya ko ta ɗebo masa ɗan man ayun saboda ciwon baya. Wallahi ba da mugunta ya faɗa ba, ni ma ina da nawa a kwalba tun na Inna. Ta dube shi, ta dube ni, ta haɗa kayanta ta koma Epe.

Sun ɗauko ɗan ayun, tana can tana fama da ba shi madara a bulumboti, ta ce in ya mutu ta bar aikin har abada. Kai take jin maganarka, don Allah ka kira ta. Jiya ta ce mini har yanzu ya ƙi madarar, yatsanta kawai yake tsotsa, ita kuma ta kasa janyewa.

Ka gaishe da Yaya Maimuna, da Ummukulsum, da Khamisu. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hansai