Keken Adiza Ba Zai Yi Tsatsa Ba

Yaya Memuna,

Assalamu alaikum. Ya sanyin Jamus, ya maigida da yara? Ya ƙafar taki? Mu nan Akwatialine lafiya lau.

Jiya aka yi addu'ar aminiyarmu Adiza mai ɗinki. Ciwon mantuwa ya raba mu da ita tun kafin mutuwa. Ranar da na tsinto ta tana yawo a kasuwar Kejetia, ba ta gane ni ba, amma ta ce, "Baiwar Allah, wuyan rigarki ya karkace, kawo in gyara miki."

A wurin addu'ar na ji wata tana raɗa wai maita ce ta haukata ta. Na miƙe na ce, "Ciwo ne, likita ya faɗa. Wadda Adiza ba ta taɓa yi wa ɗinki kyauta ba, ta ɗaga hannu." Kowa ya sunkuyar da kai.

'Ya'yanta sun ba ni kekenta. Ranar Asabar zan buɗe shagon, in ci gaba da koya wa zawarawa ɗinki kamar yadda take yi. Idona ya raunana, amma ba zan fasa ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Fati