Balkisu Ta Kai wa Gwaggo Fassara

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar Abba, ta saki? Mu nan unguwar New Bell lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa.

Tun muna jami'a ni da Balkisun Kawu muke gulmar gida da Ingilishi, muna jera kalmomi masu amo ɗaya, tunda tsofaffinmu Hausa da Faransanci kaɗai suke ji. Ranar sunan ɗan Sani, Gwaggo Asabe ta kawo kifi ɗaya daga kasuwar kifi ta Youpwé, ta yanyanka shi kamar mai raba magani. Na raɗa wa Balkisu, "Gwaggo thrifty, kifi ɗaya, baƙi fifty." Ta yi dariya har da hawaye.

Washegari ta je ta fassara wa Gwaggo, wai na kira ta marowaciya. Na tare Balkisu na ce kalmar mai tattali take nufi. Ta ce, "Ma chérie, a ƙamus ne haka, a bakinki kuwa rowa ce." Muka yi ta musu kamar a aji, ko kunya ba ta ji ba.

Yanzu Gwaggon da ta goye ni "Madam" take ce min, kunun safe ma ta daina aikowa.

Ki gaida kowa, ki sa ni a addu'a. Don Allah ki kira Gwaggo, ke tana jin maganarki. Na bar wa Balkisu musun, ni dai sunana nake so Gwaggo ta sake kira.

Ƙanwarki,
Zainabu