Za A Duba

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka rantsar da maigidana shugaban ƙaramar hukuma. Na zaci zai shigo ya kama hannuna, kamar yadda ake yi a littafi. Sai ga shi da tulin mutane, aka ce in aiko da ruwa. Takalma har bakin ƙofar ɗakina.

Asabar, 8 ga Maris
Na je shagon Yaya mai hayar littattafai. An shafa wa ƙofar jan fenti, wai za a rushe a faɗaɗa titi. Ta ce, "Amarya, ai ke ce gwamnati yanzu. Ki raɗa masa a kunne, irin na jaruman nan naki." Muka yi dariya. Na ce ta kwantar da hankalinta. Tun ina makaranta take ɓoye mini sabon fitowa a ƙarƙashin benci.

Laraba, 12 ga Maris
Na faɗa masa yana ɗaura agogo. "Za a duba." Da can "zan" yake cewa: zan zo, zan kai ki. Yanzu komai "za a". Ban san wane ne wannan "a" ɗin ba, amma ya fi ni samun mijina.

Alhamis, 20 ga Maris
Falo cike. Ya sake ba da tsohon labarinsa na akuya, wanda ni kaɗai nake yi wa dariya don tausayi. Yau har da masu share hawaye.

Lahadi, 30 ga Maris
Na tuna masa. Ya ce, "Kina ganin ni ke da iko? Na sama sun sa hannu tun kafin in hau kujerar." Barci ya kwashe shi da takalmi a ƙafa. Na cire masa.

Talata, 1 ga Afrilu
An rushe. Direba ya bi da ni ta wajen. Na sunkuyar da kai ina laluben jaka.

Juma'a, 11 ga Afrilu
Yaya ta zo. Ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa. "Ranki ya daɗe," in ji ta, ko za a taimaka mata da rumfa a sabuwar kasuwa. Ban san lokacin da bakina ya ce "za a duba" ba. Ta yi ta godiya.

Gajiya ce kawai, ina ji. Littafinta da na karɓo haya na nan ƙarƙashin matashina. Ba ta tambaya ba, ni ma ban ɗauko ba.