Walimar Da Aka Ci Ba Ni

Al-Aziziya, Riyad
Maris, 2016

Yaya Abdulwahid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Maimunatu da yara. Ni ma alhamdu lillahi, ina nan ina jigilar tumatir a kasuwa. Bayan nan nawa ya rage ciwo, sai dai in na sunkuya.

Ina taya ka murnar ajiye aiki. Shekara talatin kana hawa jiragen ruwan baƙi kana shigo da su tashar Apapa, ko ɗaya bai taɓa kafewa a hannunka ba. Allah Ya sa albarka.

Walimar ta yi kyau, na gani a bidiyon da 'yarka Mubina ta turo mini. Na ga kyautar hukuma, na ga raguna, na ga har maƙwabcin da ba kwa ga maciji. Ni kaɗai na nema ban gani ba.

Da bakinka ka ce ba za a yi ba sai na zo. A kan wannan maganar na yi ta bin kafil ɗina, ubangidan da takarduna ke hannunsa, kamar maroƙi, har ya ba ni bizar fita, bisa sharaɗin in yafe hutun Sallah. Saura mako biyu kacal in iso aka yi ta, Yaya. Jiragen duniya sun sha tsayawa a bakin teku suna jiranka, kai ka kasa jiran ƙaninka.

Duk da haka ina tafe, da turaren Anti. Kada ka wahalar da kanka zuwa tarya ta. Zan shigo da kaina.

Ƙaninka,
Kamil