Ni Ce Nake Ƙara wa Uwar Mijina Man Shanu a Tuwo

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Roƙona ɗaya, kada ku tsine mini tun daga tsakiyar labari, ku bari ku kai ƙarshe tukuna.

Ni 'yar Kademi ce, aure ya kawo ni wani ƙauye a ƙasar Ajingi, gidan manoman gyaɗa. Gida ɗaya muke da uwar mijina da muke kira Inna, da ƙanin mijina, da matarsa wadda zan kira Talatu, duk da ba shi ne sunanta ba. Ni da Talatu muke karɓa-karɓar girkin gidan, amma kullum ni ce mai kai wa Inna kwanonta ɗaki, saboda ni ce matar babba. Inna mace ce mai baki. Tun da na shigo gidan ban taɓa yin daidai a idonta ba, tuwona da gudaji, sharata ta ragwaye, gaisuwata ta raini. Duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini shi ne lokacin da na yi ɓari na biyu, mata sun cika tsakar gida sun zo yi mini sannu, Inna ta dube ni ta ce, "Ku daina wahalar da bakinku, ai kazar gidan nan ta fi ta iya riƙe ƙwai." Wasu suka yi dariya. Ina kwance a tabarma jini bai ma tsaya mini ba.

Inna ta daɗe da wani ciwon ciki da yake taso mata jefi-jefi. Yakan kama ta a ɓangaren dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ya zagaya bayanta ya hau kafaɗa, cikinta ya kumbura, ta yi ta gyatsa da amai. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ta farin maganin ruwa, ta sha kwalba nawa babu sauƙi. Ni da nake kai kwano na lura da abin da kowa bai lura da shi ba. Duk ranar da ta ci soyayyen nama, ko dambu da ya ji man gyaɗa, ko tuwo da man shanu ya kwanta a kansa, kafin la'asar za ka same ta tana murƙususu. Har na tambayi wata ƙawata da muka yi sakandare tare a Gaya, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, na ce wata maƙwabciyarmu ce ke fama. Ta ce, "Wannan bai yi kama da olsa ba. Ina zargin maɗaciya ce, wannan 'yar koriyar jakar da kike cirewa a jikin hantar kaza. Tsakuwa takan taru a cikinta, maiƙo kuma ke tayar da ciwon. Ku kai ta a yi mata hoton ciki, kada ku zauna." Na yi mata godiya na kashe waya. Ban faɗa wa kowa ba.

Anti, kin san abin da na yi da wannan sani? Duk ranar da Inna ta ci mini mutunci, washegari sai in tsaya a bayan rumbu da kwanonta, in buɗe tsakiyar tuwon in danna man shanu cokali biyu ko uku, in rufe, in malala wani a kan miya. Ita kuwa tana son maiƙo, har suɗe kwano take yi. In ciwon ya kwantar da ita sai gidan ya yi tsit, babu zagi babu gori, in sami kwana biyu ina numfashi. Ina jin nishinta daga ɗakina ina tsefe kaina. Ba zan yi muku ƙarya in ce tausayi yana kama ni ba, daɗi nake ji. Wace irin zuciya ce wannan? Ni ma ban san ina da ita ba. Daga baya tsoro ya kama ni kada a gane ranar girkina abin yake faruwa, sai na koma yi ranar girkin Talatu kawai.

Ciwon ya taɓa Inna har a zuciya. Matar da muryarta ke kaiwa bakin titi ta koma in ta ji ƙarar murfin kwano gabanta ya faɗi. Ta rame, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai, kullum tana cewa mutuwa ce ke zagaya ta. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, har aka kawo wani mai magani ya ce jifa ne, kuma hannun yana cikin gida. Inna ta zauna ta lissafa da kanta, ta ga duk ranar girkin Talatu take kwanciya. Aka tara mu a gaban 'ya'yanta maza. Mijina ya ce, "Ke ce babba, kin taɓa ganin wani abu?" Da na ce a'a, da magana ta mutu a wurin. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni dai ba na son shiga hakkin kowa, amma na ga tana kwance wani ƙulli a bakin zaninta tana barbaɗawa a tukunya." Kanwa ce, Anti. Kanwar miyar kuka ce, ni ma haka nake ƙulle tawa. Talatu ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Yaya, ni?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Yarinyar da ta wanke mini zannuwa da na yi ɓari. A ranar mijinta ya sake ta, ta koma gidansu a Gaya da goyo, aka riƙe babbar 'yarta. Yanzu ni nake yi wa yarinyar wanka da kitso.

Bayan tafiyar Talatu na daina, ina zaton shi ke nan. Ashe abin ya wuce hannuna. Ana cikin cirar gyaɗa zazzaɓi ya rufe Inna, idonta ya koma ɗorawa, fitsarinta kamar baƙin shayi. Daga asibitin Gaya aka tura mu Kano. Hoto ya nuna maɗaciyarta cike da tsakuwa, ta kumbura, ɗaya ta toshe hanyar da ruwanta ke bi. Likitar ta ce ba abinci ɗaya ne ke haifar da tsakuwar ba, takan daɗe tana taruwa, amma maiƙo ne ke tayar da ciwon, kuma jinkiri ne ya kusa kashe ta. Ta ce, "Duk tsawon lokacin nan babu wanda ya lura bayan cin me take tashi?" Mijina ya nuna ni ya ce, "Ga mai kula da ita nan, da akwai abin lura da ta gani." Na sunkuyar da kai. Aka yi aiki aka cire maɗaciyar, Allah ya tashi kafaɗunta.

Matsalar ita ce, an ba Inna tsakuwar a 'yar kwalba ta taho da ita gida. Bayanin likita bai shige ta ba ko kaɗan. Duk wanda ya zo dubiya sai ta ɗauko kwalbar ta girgiza masa, ta ce, "Kun ga abin da Talatu ta jefe ni da shi, ƙiri-ƙiri aka ciro." Labari ya kai Gaya, har an fara hana yara shiga gidan su Talatu sayen awarar da take soyawa. Ni kuwa na zama 'yar gaban goshi. Inna da ba ta taɓa kiran sunana da daɗi ba yanzu "'yata" take ce mini, ta ce ni kaɗai na kwana a kanta a asibiti. Abin kunyar shi ne, in ta faɗa ina jin sanyi a raina.

To yanzu mahaifin Talatu ya ce ba zai yarda a lalata sunan 'yarsa ba. Ya aiko cewa ranar Juma'a mai zuwa zai zo da dattawa da liman a zauna. Jiya Inna ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ke ce shaidata. Za ki yi alwala ki dafa Alƙur'ani ki maimaita musu abin da kika gani." In na rantse, na san abin da na ɗora wa kaina har gaban Allah. In na ce ƙarya na yi, za a tambaye ni dalili, kuma mijina ba zai zauna da matar da ta yi wa uwarsa haka ba. Na yi tunanin in ce kanwa ce na gani ban gane ba, in bar zancen man shanu a cikina, amma shin wannan zai wanke Talatu alhali kwalbar tana hannun Inna?

Jama'a, in liman ya miƙo mini Alƙur'ani ranar Juma'a, me zan yi?