Donot Mai Cikin Jan Wake

Tashkent, 3 ga Mayu

Ƙanena Valentin,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Wata maƙwabciyarmu za ta koma Koriya jibi, shi ya sa na zauna rubutu don ta kai maka. Ka san ni da waya ba ma shiri.

To, abin nan da ka cika mana kunne da shi tun da ka tafi ya iso garinmu. An buɗe shagon kayan zaƙi kusa da tashar jirgin ƙasa, donot irin na Koriya suke yi, kuma 'yata Nelli ta ja ni ranar Lahadi. Kujeru kamar na 'yar tsana, kowa sai ya ɗauki abincinsa hoto kafin ya kai baki. Mai sayarwar ta dubi fuskata, ta ga jinin Koriya, ta gaishe ni da Koriyanci, na amsa mata da Rashancin da muka tashi da shi, muka tsaya kallon juna. Aka kawo mana biyu, kamar manyan fanke, ɗaya cike da kirim, ɗaya da jan wake. Na cinye duka. Akwai daɗi ƙwarai.

Teburina a kasuwa yana nan. Nelli ke haɗa kwaɗon karas da kabeji yanzu, ni ina hutawa.

Ka riƙa cin abinci.

Yayarka,
Zoya

*

Ansan, Koriya, 15 ga Mayu

Yaya Zoya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Baya yana nan yadda kika san shi.

"Akwai daɗi ƙwarai"? Yaya, ni za ki gaya wa? Tun ina goye a bayanki ban taɓa ganin kin ci abu kin yi shiru ba. Ranar aurena kin ce wa surukata miyarta ta kwana. Ke da kan lasa cokali ki faɗi sau nawa aka yi suya da man. Yau an ba ki donot biyu, ko sukarin ba ki kushe ba?

Kuma shekara talatin ba wanda ya isa ya taɓa gishirin karas ɗinki, har marigayi mijinki. Na kira sau huɗu, Nelli na cewa kina barci. Ke da barcin rana?

Ki gaya mini gaskiya.

Ƙanenki,
Valentin

*

Tashkent, 24 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka. Mama ta hana ni, amma na gaji da yi maka ƙarya a waya.

Ciwon daji ne, a ciki. Tun Janairu take karɓar magani, maganin kuwa ya kashe mata harshe. Masu saye suka fara dawo da karas, wai gishiri ya yi yawa. A ranar ta cire rigar aikinta ta miƙa mini.

Ni na kai ta shagon nan, ina tunanin ko sabon abu zai tayar mata da ɗanɗano. Ta gutsura, kirim ya zubo mata a haɓa, ta tauna, ta tauna. Sai ta ce, "Nelli, wanne ne wannan?" Na ce mai kirim. Ta ɗauki ɗayan, ta leƙa cikinsa tukuna don ta gane. Na ce, "Mama, bar shi haka." Ta ce, "A'a, kawunki zai tambaya." Ta cinye tas. A mota ta ce kamar ta ci jiƙaƙƙiyar auduga, ta juya tana kallon taga har gida.

Likita ya ce a dakatar da maganin, ba ya amfani kuma. Kawu, ni kaɗai ce a nan.

'Yarka,
Nelli

*

Tashkent, 29 ga Mayu

Valentin,

Gaisuwa. Bakin yarinyar nan ba ya riƙe magana, naka ta gado.

Ta ce kana neman tikiti. Kada ka kuskura. Shekara tara kana ɗaukar ƙarfe a masana'antar mutane, saura wata huɗu a ba ka takardar zama, sai ka zubar don ka zo ka tsaya mini a ka kana jan majina? Ina da mai yi mini wannan.

In kana son yi mini wani abu, ga shi. Ka je shagon da ka fi yabo, ka sayi mai jan wake, ka zauna ka ci a hankali, ba irin cin nan naka na yunwa ba. Ka rubuto mini yadda yake. Ko waken yana da gari-gari, ko man yana kama harshe, ko akwai ɗan gishiri a bayan zaƙin. Kakarmu takan ce can ƙasarsu Koriya haka ake dafa shi, ban taɓa sanin ko gaskiya ta faɗa ba.

Na yi maka ƙarya sau ɗaya, ka yafe. Hannuna ya gaji.

Yayarka,
Zoya

*

Tashkent, 12 ga Yuni

Kawu,

Ina gaishe ka. Wayarka a kashe take, na san kana hanyar filin jirgi, don haka zan ba wanda zai tarbe ka wannan.

Takardarka ta iso Talata. Na karanta mata shafi ukun duka, ta sa na maimaita. Da na zo inda ka ce guda huɗu ka ci don kada ka yi kuskure, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Wawa. Amma ya yi ƙoƙari." Ban gaya mata ka ajiye aikin ba.

Ta rasu yau da safe, ina goge mata fuska.

Ka wuce gida kai tsaye, ba asibiti ba. Tsofaffin unguwa suna tambayata irin abincin da ake jera wa mamaci a tebur bisa al'adar kakanninmu, ni kuwa ban sani ba. Kai kaɗai ka rage wanda ya sani.

'Yarka,
Nelli