Na Ce wa Tamarji "Da Sauƙi"

Malam mai filin shawarwari,

Don Allah ka agaza mini, kaina ya ɗaure. Wata biyu ke nan muna kambo, wato sansanin 'yan ƙodago, a Jazira ta Sudan muna tsinkar auduga, ni da surukina Malam Abdussalami, mahaifin matata Kulu. Daga wani ƙauye muke bayan Mai Wurno. Da za mu taso Kulu ta ce amanarsa tana wuyana.

Zazzaɓi ya kama tsoho. Na ɗora shi a jaki zuwa shafahana, ƙaramin asibitin nan, muka yini a layi. Tamarji, wato ma'aikacin jinya, ya sa masa ma'aunin zafi, ya tambaye ni ko yana fitsari sosai, ko akwai rauni a jikinsa. Malam, ni da ko tuwo ba na ci a gabansa, ina na san fitsarinsa? Na sunkuyar da kai na ce da sauƙi. Shi ma tsohon haka ya ce. Aka ba mu ƙwayar maleriya, aka kira na baya.

Yau kwana huɗu. Jiya wajen alwala na hangi ƙafarsa, ashe kututturen auduga ya soke shi, ta kumbura sumtum, wani jan layi ya haura ƙwauri. Da safen nan sunan ƙanensa da ya rasu ya kira ni da shi. Mutanen kambo sun lulluɓe shi da barguna, suna cewa a yi sakiya.

Ina jin haushin tamarjin nan. Mu Fallata, kamar yadda suke kiranmu a nan, ko riga ba a ɗaga mana, kallo ɗaya a sallame mu. Amma tsakani da Allah ya tambaya, ni na rufe. Da wane ido zan koma?

Baƙon Kambo

Baƙon Kambo,

Na ba wani direban lori mai zuwa wajenku kwafin amsar nan, don ba ta jiran bugu. Ka kai Malam babban asibiti yau. Jan layin nan da ruɗewar suna alama ce ciwon yana shiga jini, ƙwayar maleriya ba ta taɓa shi.

Tamarji ya yi sakaci. Zafin jiki mafari ne kawai: ya kamata ya ƙirga numfashi da bugun jini, ya gwada hankalin tsoho, ya duba jiki da idonsa har tafin ƙafa. Sai dai shi kaɗai ne, ga layi har bakin ƙofa, da bakinka yake gani, kai kuwa gaisuwa ka ba shi.

A yaye bargunan, kada a yi sakiya, a riƙa ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Ka tambayi maƙwabcin shimfiɗarsa yaushe rabonsa da fitsari. A asibiti, kafin komai, faɗi batun ƙafar da yadda ya kira ka da sunan mamacin. In nauyi kake ji, ja tamarji waje ka gaya masa.

Kunyar suruki ado ce, amma Kulu mahaifinta ta ba ka, shi za ta nema a hannunka. Allah ya ba Malam lafiya, ya mai da ku gida ku biyu.